Laifin Mai Dashe Ko Na Akuya?

Duk shekara, da ruwa ya zauna wajen ƙarshen watan Yuni, sai ka ga gefen kasuwar Yelwa ya yi kore shar. Masu sayar da dashe sun jera baƙaƙen ledoji a gindin katanga: mangwaro, gwaba, lemu, kashu, gwanda, zogale, dogon yaro. Wasu ma a ledar fiya wata aka rene su, ganye huɗu kacal a kansu. Magidanci ya fito cefane, sai ya koma gida da tsiro biyu ɗaure a bayan babur, tun a hanya yana lissafin inuwar da zai sha da 'ya'yan da yaransa za su tsinka. Haka ni ma na yi shekara takwas da suka wuce, a daminar da muka tare a sabon gida, lokacin tsakar gidan fayau take, ko inuwar da kaza za ta laɓe babu.

Wanda na saya a wurinsa dattijo ne marar yawan magana, yana zaune a kan buhu da 'yar wuƙa a hannu. Na ce mangwaro nake so, amma mai aure, irin manyan nan masu tsoka da ba sa cika haƙori da zare. Ya ware mini guda uku, ya nuna mini inda aka naɗe da leda a jikin kowanne, kamar tsawon tafin hannu daga ƙasa. Kuɗinsu ya ninka na marasa aure sau uku. Ya yi mini wasu bayanai yana ɗaure su da igiya, ni kuwa hankalina yana kan ragin da nake nema. Ya rage mini kaɗan, na ɗauka na tafi.

Biyu sun mutu a bazarar farko. Ɗaya gara ta cinye saiwarsa, ɗaya kuma ƙishi ya kashe shi a makonnin da na yi tafiya. Na ukun ya rayu, ya yi tsawo, ya yi rassa, har muka fara shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsa. An ce mini mai aure yakan fara haihuwa a shekara ta uku ko ta huɗu. Nawa sai a hunturu na shida ya yi fure. Da 'ya'yan suka nuna a watan Afrilu, sai ga su ƙanana, ƙwallo ya fi tsoka, zare kamar na soso: mangwaron gargajiya sak, irin wanda yara ke jifa a bakin hanya.

Raina ya ɓaci ƙwarai, domin abin da na yi asara ya wuce kuɗi. Shekara shida ce ta jira, da ruwan da aka yi ta ɗiba, da wuri mafi kyau a tsakar gidan da na ba shi. Na faɗa a majalisarmu ta bayan la'asar cewa tsohon nan mai dashe macuci ne. Na faɗa a wurin aiki. Da damina ta zagayo, maƙwabta biyu sun tambaye ni inda za su sayi dashe, na ce ko ina ban da wurinsa. Shekara guda cur ina yawo da wannan magana, kuma ban ji ko ɗar ba, saboda a ganina hujjata tana tsaye a tsakar gida, kowa na iya zuwa ya ɗanɗana.

Kafin in ci gaba, ya kamata mai karatu ya san abin da ya sa cinikin dashe ya bambanta da sauran cinikin kasuwa. In za ka sayi kifi a bakin ruwan Yauri, za ka duba idonsa, ka shinshina. In albasa ce, ka matsa ta ka ji ko ta fara ruɓa. Dashe kuwa kusan cinikin biri a sama ne. Ganyen mangwaro mai daɗi da na marar daɗi duk ɗaya suke a idon wanda ba gwani ba. Kuma mangwaro yana cikin itatuwan da ke ƙaryata karin maganar nan ta barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da yawa daga cikin manyan nau'o'insa, in ka shuka ƙwallonsu, itacen da zai fito ba lallai ya yi halin uwarsa ba. Shi ya sa ake yi masa aure. Ana shuka ƙwallon na gargajiya, saboda saiwarsa tana da ƙarfi da jure fari. In ya yi kaurin fensir sai a yanke kansa, a tsaga, a soka ɗan reshen da aka yanko daga itace mai kyau, a naɗe da leda har su haɗe. Daga nan itace ɗaya ne a ido, amma biyu ne a hali: ƙasan na gargajiya, saman na zaɓe. Duk abin da mai saye ke gani shi ne tabo da leda. Sauran amana ce, kuma amanar da ba a gane cikarta ko cinta sai an shekara uku zuwa shida.

A damina ta bakwai na yi niyyar in je in faɗa masa a gaban idonsa. Na same shi a inda na bar shi, ya ƙara tsufa, jikansa yana taya shi jera ledoji. Muka gaisa.

"Baba, ka gane ni?"

"Fuskar dai ba baƙuwa ba ce, Malam."

Na zayyana masa komai, muryata tana ɗan hawa. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri. In tambaye ka mana. Yana ƙarami, akuya ta taɓa cin sa?"

Na buɗe baki zan ce a'a, sai na yi shiru. A ranin farko iska ta kwantar da darnin da na kewaye shi da shi, awakin unguwa suka shigo, suka bar mini kututture. Na tuna baƙin cikin da na yi, na kuma tuna murnar da na yi bayan sati uku da na ga ya tofo, har na ce wa uwargida wannan itacen mai rabo ne.

"Daga ina ya tofo, sama da ɗaurin ko ƙasa da shi?"

"Wallahi Baba ban duba ba."

"To ai ka ji. In akuya ta cinye amaryar, uban gidan ne zai tofo. Ko ba akuya ma, duk tofon da ya fito ƙasa da ɗauri, in ba a cire shi ba, shi zai rinjayi na sama, don shi ke kusa da saiwa. Kowa ya saya a wurina ina gaya masa haka."

Na koma gida na durƙusa a gindin itacen ina neman tabon. Ɓawon shekara bakwai ya rufe komai. Na tambayi uwargida, ta ce ta tuna ranar da awaki suka shigo, amma ita ba wanda ya taɓa ce mata akwai sama da ƙasa a jikin mangwaro. Ta yi gaskiya. Ni aka yi wa bayanin, ita da yara ke ban ruwa.

Daga ranar nake juya wannan tambaya: mene ne ya halatta mutum ya faɗa game da wani, idan an cuce shi ko ya ji kamar an cuce shi, alhali hanyar sanin gaskiyar abin ta riga ta toshe?

Ina so a lura, tambayar dattijon ba ta wanke shi ba. Abu huɗu ne ke iya kasancewa. Mai yiwuwa ya sayar mini da marar aure da gangan, ya yi masa 'yar tsaga ya naɗa leda, abin da duk mai wuƙa zai iya yi cikin minti ɗaya. Mai yiwuwa shi ma saro su ya yi daga wani, aka cuce shi ya miƙo mini bai sani ba. Mai yiwuwa auren na gaske ne amma bai kama da kyau ba, ya bushe daga baya. Mai yiwuwa kuma komai lafiya lau ya bar hannunsa, akuya da sakacina suka raba auren. Tambayar akuya ma, wani zai ce, ita ce mafakar kowane macuci mai wayo, domin wane dashe ne a ƙasar nan akuya ba ta taɓa lasa ba? Duk wannan haka ne. Amma a shekarar da na yi ina aibata shi, ɗaya kawai na ɗauka cikin huɗun, kuma na ɗauki wadda ta fi yi mini daɗi, wadda ba ni da laifi a cikinta ko kaɗan. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanin irin wannan rikici. Wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san an haramta algus da ɓoye aibin haja, kuma an ba mai saye damar mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Sai dai sharaɗin shi ne aibin ya kasance tun kafin ciniki. Wanda ya auku a hannun mai saye nasa ne. Idan kuma aka yi jayayya kan ko aibin tsoho ne ko sabo, masana abin suka kasa tantancewa, a mazhabar Malikiyya maganar mai sayarwa ake ɗauka tare da rantsuwarsa, saboda ƙa'idar da ta ɗora kawo hujja a kan mai ƙara. Ke nan da na kai dattijon gaban alƙali, da na faɗi. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, hukuncin da alƙali ba zai iya yankewa ba, ni na yanke shi a kan benci bayan la'asar, ba tare da wanda ake tuhuma yana wurin ba, na kuma zartar da shi a kan abincinsa. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta haɗa hani ga yawan zato da hani ga giba a wuri ɗaya, kuma sai yanzu na ga yadda ɗayan ke haifar da ɗayan: zato ne ke shiga zuciya, in ya kwana biyu ya zama tabbas, sai ya fito ta baki a matsayin labari.

To amma akwai wata fuskar, kuma ba na son in tsallake ta don kawai in nuna na yi nadama. Macuta suna nan a wannan sana'a. In kowa ya yi shiru saboda tsoron zato, su ne za su ci riba. Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi rubutu a 1970 kan kasuwar tsofaffin motoci, aikin da yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Abin da ya nuna shi ne, idan mai sayarwa ya san ingancin kayansa amma mai saye ba shi da hanyar sani, masu saye za su ƙi biyan farashin mai kyau, tunda ba su da tabbas. Daga nan masu kaya nagari sai su ga ba riba su janye, kasuwa ta rage daga marasa kyau sai marasa kyau. Haka abin yake a gindin katangar kasuwarmu. Wanda ya yi aure na gaske ya sha wahalar neman reshe mai kyau, ya yi reno wata da watanni, wasu suka mutu a hannunsa. In ba a bambanta shi da mai naɗa leda a banza ba, gobe shi ma zai daina wahalar. Abin da ke tsare irin wannan kasuwa shi ne bakin mutane: wane nagari ne, wane a yi hattara da shi. Ko malamai ba su rufe wannan ƙofa ba. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, ciki har da kai kukan zalunci da yi wa jama'a gargaɗi.

Saboda haka ba zan ce laifina shi ne na yi magana ba. Laifina yana cikin abin da na faɗa. Abin da na sani shi ne: na sayi mangwaro uku a wurin wane a matsayin masu aure, biyu suka mutu, ɗaya ya haifi na gargajiya. Wannan gaskiya ce, kuma maƙwabcina yana da haƙƙin ya ji ta kafin ya kashe kuɗinsa. Da na tsaya nan, da shi ma zai iya tambayata ko na kula da shi, ko ya je ya tambayi wasu da suka saya a wurin. Ni kuwa sai na tsallake abin da ya faru na tafi ga niyyar mutum, na ce macuci ne. Kalmar nan ɗaya ta ƙunshi da'awa uku da ba ni da hujjar ko ɗaya: cewa dashen ba shi da aure tun asali, cewa ya san haka, cewa kuma halinsa ke nan. Kuma na ɓoye rabin labarin, wato awakin, ba don na yi niyyar ƙarya ba, sai don zuciya ta iya mantuwa da abin da bai yi mata daɗi ba. Bakin mutane yana tsare kasuwa ne idan shi kansa bakin ba ya algus. Labarin da aka cire masa rabi, kamar buhun albasa ne da aka jera manya a sama.

Wannan ya kai ni ga abin da ban taɓa tunani ba a ranar da nake neman ragi: ashe rabin kuɗin dashe ne kawai ake biya a kasuwa. Sauran ana biyansa a gida, kashi kashi, bisa lokutan shekara. Tun kafin ruwa ya sauka ake haƙa rami, a zuba ruɓaɓɓen taki a bar shi ya huce, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. A Yuni ko Yuli ake dasawa, da yamma, a yage ledar ba tare da an fasa ƙasar da ke jikin saiwa ba, kuma kada a binne wurin ɗaurin. Cikin damina aikin cire ciyawa ne da duba tofon ƙasa. Da kaka, in an sako dabbobi bayan girbi, shinge ya zama wajibi, na ƙaya ko na kara ko tsohuwar taya da raga. Da hunturu iska ke busar da ƙasa, sai a rufe gindin da busasshiyar ciyawa, a ɗan nisanta ta da jikin itacen, a barbaɗa toka. Sai bazara, Maris da Afrilu zuwa farkon Mayu, lokacin da rijiya ke ja baya, 'yan garuwa su ƙara kuɗi, zafin Yauri ya hana barci. A nan ake sanin wanda ya sayi itace da wanda ya sayi sha'awa. Bokiti ɗaya duk bayan kwana biyu, shekara biyu a jere, kafin saiwa ta kai inda za ta nemi ruwa da kanta.

Mafi yawanmu a damina muke saye, lokacin da sama ke yi mana aikin, shi ya sa abin ke zama kamar mai sauƙi. Kuma a gidaje da yawa wanda ya saya daban, masu biyan sauran bashin daban. Maigida ne ke zuwa kasuwa, mata da yara ne ke ɗaukar bokiti. Su ne kuma ke da zogale da rama da yakuwa da kuɓewar da ke bayan ɗaki, waɗanda ba sa mutuwa, domin mai shuka su ita ce mai kula da su, ta kuma san miyar gobe a jikinsu take. Bayanin da dattijon ya yi ya tsaya a kunnena, bai isa ga hannun da ke aikin ba. In akwai amanar da na tabbata an ci a cikin wannan labari, to wannan ce, kuma ni na ci ta.

Mutanen bakin wannan ruwa sun fi kowa sanin cewa sakamako yakan iso nesa da sababinsa. Kogin Neja yana yi mana cika biyu. Akwai farin ruwa, na daminarmu, mai laka. Akwai kuma baƙin ruwa da ke isowa cikin hunturu, lokacin da ko ɗigo ba ya sauka a nan. Ruwan sama ne da ya zuba a tsaunukan ƙasar Gini watanni da suka wuce, ya yi ta yawo a fadamun Mali ya ajiye lakarsa, sannan ya ƙaraso. Wanda bai san wannan ba, in ya ga kogi ya ƙaru a watan Janairu, zai nemi dalili a kusa da shi ya rasa. Itace ma haka yake. Abin da ka ɗanɗana a shekara ta shida, wata rana ce a shekarar farko ta haife shi, kuma sau da yawa ba wanda ya lura da ranar.

Na koma wurin dattijon bayan sati biyu, na gaya masa abin da na yi ta faɗa a kansa. Wannan ya fi zuwan farko wuya nesa ba kusa ba. Ya yi shiru, sannan ya ce dama maganar ta iso masa tun bara, bai dai san daga bakin wa ta fito ba. A zaman nan ne ya ba ni labarin gidansu. Iyayensa mutanen gungu ne, cikin Gungawan da suka yi suna da noman albasa a tsibiran kogi. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafki ya taso har Yelwa, aka tashi mutum sama da 40,000 daga garuruwansu, tun daga tsohuwar Busa har tsibiran ƙasar Yauri. Yana yaro lokacin. Ya ce abin da ya fi tsaya wa mahaifinsa a rai itatuwan da ya bari ne, domin ɗaki ana gina wani cikin wata guda, itace kuwa sai an sake jira daga farko. A sabon wuri mahaifin ya fara renon irin albasa yana sayar wa masu lambu, a nan shi ya koyi sana'ar.

"Irin albasa, Malam, wata uku zuwa huɗu gaskiyarka ta fito. In ka cuci mutum, kafin bazara ya zo maka. Mangwaro kuwa, wanda ya sayar yana iya mutuwa kafin a sani. Shi ya sa ba na barin wurin nan. Mai son cuta ba ya zama wuri ɗaya."

Wannan ma ba hujja ce da za ta gamsar da alƙali ba. Amma ita ce irin hujjar da ake rayuwa da ita a Yelwa da Wara da Shanga da duk inda ake ciniki tsakanin mutanen da za su sake haɗuwa. Mutumin da ya shekara ashirin a gindin katanga ɗaya, wanda za ka iya bin sa gida ka ga itacen da yake yanko reshe, ya ajiye maka jingina, wato sunansa. Ni kuma wannan jinginar na taɓa. Wanda ya zo da mota cike da dashe ranar kasuwa ya tafi da yamma, ba abin da bakina zai rage masa. Sai na lura zargi ya fi cutar da wanda ya tsaya, wanda kuma tsayuwar tasa ita ce alamar da ta fi kusa da gaskiya.

Na je majalisa na warware maganata. Ban ce na gano ba shi da laifi ba, domin ban gano ba. Na ce akwai abin da ban faɗa muku ba, na ba su labarin awaki, na ce kalmar macuci da na yi amfani da ita ba ni da hujjarta, na janye. Wasu suka yi dariya, wani ya ce ai tsohon ya yi mini wayo ne karo na biyu. Maƙwabtan nan biyu na same su har gida. Amma waɗanda suka ji daga bakin waɗanda suka ji, ban san su ba balle in bi su. Magana zarar bunu ce. Damina biyu na cinikinsa da na rage, ban san nawa ba ne, ba kuma ni da hanyar mayarwa.

Shi ne ya kawo shawarar a yi wa itacen aure yana babba. Ana iya yi: a sare manyan rassa, in sun fitar da sabon tofo a soka musu reshen zaɓe, saiwar da ta riga ta kafu ta ɗauki nauyi. Da muka zo maganar lada sai abin ya tsaya mana. In ya yi kyauta, kamar ya amsa laifi ne. In na biya duka, kamar na amsa nawa ne, na kuma wanke shi da abin da ni ma ban tabbatar ba. Na rasa yadda zan faɗi wannan, sai shi ya faɗa a taƙaice: "Ni ban sani ba, kai ba ka sani ba. Ka biya rabi."

Ya zo da jikansa da zarto, suka sare rassa biyu. Bayan wata biyu ya dawo da 'yan rassa naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ya yi aure a wuri shida. Wannan karon na kira uwargida da yara suka tsaya, ya nuna musu ɗaurin ɗaya bayan ɗaya, ya nuna musu irin tofon da za su riƙa cirewa. Reshe na uku, wanda ya yi wajen ɗakin girki, yara suka ce a bar musu shi, su na gargajiyan suke so, sun ce ya fi zaƙi in an tsotsa. Aka bar shi.

Huɗu cikin shidan sun kama. Ya ce in Allah ya kai mu, nan da shekara biyu ko uku za su yi fure. Ban san irin 'ya'yan da za su haifa ba, maganarsa kawai na riƙe, kamar yadda na riƙe a karon farko. Na dai sake ɗaure shingen tun kafin kaka, kuma ranar Juma'a da safe nakan zagaya gindin in duba ƙasan kowane ɗauri.